Gammo a Cikin Waya

Iya, wato mahaifiyarmu, ba ta yarda a aza wa yaro kaya sai ta duba gammonsa. Tun muna ƙanana a Unguwar Tudu haka take. In za ka rijiya ko za ka kwaso itace, sai ta kira ka, ta karɓi tsumman da ka cukuikuye, ta warware shi ta karkaɗe. Ta danne baki ɗaya da babban yatsa, ta riƙa naɗawa a kan yatsun hannunta na hagu, tana ja tana murɗawa, har ya zama zobe mai kauri. Ta cusa jelar a ciki, ta buga shi a tafin hannu sau biyu, ta ɗora maka a tsakar ka. Ramin nan na tsakiya shi ke aikin duka: gindin tulu ya zauna daram a kan zoben, nauyin ya bazu maimakon ya taru wuri guda ya ci maka kai. In a gona ne babu tsumma, ganyen dawa ko na kaba ya wadatar. Abu ne da ba a saye, ba a kuma ajiye shi a adaka, amma duk wanda ya taɓa ɗauko damin dawa da tsurar kai daga gona zuwa rumbu ya san darajarsa. Ba banza ba Bahaushe in zai kwatanta aikin da ya fi ƙarfin mutum yake cewa ɗaukar Dala ba gammo.

Abin da ya tuno mini da gammon Iya shi ne 'yar ƙanwata, wadda ke karatun likita a wata jami'a a nan Arewa. Ta zo hutu bayan jarrabawar da suke kira MB ta biyu, ta rame, idanu sun faɗa, abinci sai an yi da ita. Wani dare bayan isha'i muna tsakar gida, sai na ga ta ja tabarmarta gefen rumbu, ta tanƙwashe ƙafa, ta toshe kunnuwa da iyafis, ta rufe ido, hannuwa a kan gwiwa. Babu carbi a hannunta, ba ta kuma fuskanci gabas ba. Iya ta daɗe tana kallonta, can ta kasa haƙuri.

"Kishiya, barci kike a zaune, ko jikin ne?"

Shiru. Sai da aka yi kamar minti goma ta buɗe ido ta zare abin kunnen.

"Lafiya lau, Iya. Numfashi nake koyo."

"Numfashin da kika zo da shi duniya?"

Aka yi dariya, ita ma ta yi. Da gari ya waye uwarta ta ce mini daren nan ne na farko tun zuwanta da ba ta ji tana juyi a shimfiɗa har asuba ba. Sai na sami yarinyar na tambaye ta mene ne a cikin wayar.

"Kawu, karɓi ka ji da kunnenka."

Muryar wani namiji ce, da Turanci, a hankali kamar mai rarrashin yaro. Ya ce in gyara zama, in ji nauyin jikina a kan abin da nake zaune, in saurari duk ƙarar da ke kewaye da ni ba tare da na bi ta ba. Na ji zakara, na ji daka a maƙwabta, na ji babur ya wuce ta hanyar Gwarzo. Sannan ya ce in ƙirga numfashi har goma in koma farko. Ban kai shida ba hankalina ya tafi kan kuɗin taki. Kamar yana ganina, sai ya ce in hankali ya tafi ba laifi ba ne, a lura ya tafi, a dawo da shi. Shi ke nan, minti goma. Da na miƙa mata wayar na ce, "Wannan ai gammo ne." Tun ranar nake juya maganar, kuma ban sami abin da ya fi gammo kama da wannan manhaja ba, a amfaninta da kuma inda amfanin ya tsaya.

A fara duba kayan tukuna. A takarda, karatun likita a Najeriya shekara 6 ne, sai shekara guda ta koyon aiki a asibiti kafin a ba mutum cikakken lasisi, sannan bautar ƙasa. A zahiri lissafin ya wuce haka, domin yajin aikin malaman jami'a ya ci wata 9 a 2020, ya sake cin wata 8 a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. MB ta biyu ita ce mashigin da kowa ke tsoro: anatomi da fiziyoloji da bayokemistiri, duk abin da aka koya cikin kusan shekara biyu a tattaro shi a lokaci guda. Ƙasusuwan jikin baligi 206 ne, kowanne da sunansa na Latin, da tudunsa da kwarinsa, da tsokar da ta manne masa, da jijiyar da ta ratsa ta gefensa. Yarinyar da ko maƙabarta ba ta taɓa raka gawa ba, ga ta da wuƙa a hannu a kan gawa wata da watanni, warin fomalin ya kama hijabinta har ɗakin kwana. Wanda ya faɗi a ba shi dama ya sake zama, ya sake faɗuwa ya maimaita shekara, in abin ya ci tura a ce ya nemi wani kwas. Kuma yaran nan tun firamare ba su san zuwa na biyu a aji ba. Faɗuwar farko a rayuwarsu a nan take samunsu, nesa da gida.

Sai kayan da mu 'yan gida muka ɗora mata. Tun ranar da sunanta ya fito, ba wanda ya sake kiranta da sunan yanka a Unguwar Tudu. Likita ce. In ta zo hutu, da hantsi za ka ga mata sun shigo, wannan da katin asibitin Gwarzo a ƙulle a leda, wannan da kwalin magani, wannan da goyo mai zazzaɓi, alhali ita ko allura ba a koya mata ba tukuna. Ubanta ya sayar da bijimin huɗa a kasuwar Getso don kuɗin makaranta da littattafai, kuma ta sani. Ba wanda ya taɓa yi mata gori, ba sai an yi ba. Duk wayar da aka yi mata, daga gaisuwa sai tambaya ɗaya: ya karatu? Ni ma ina cikin masu tambayar, kuma da alheri nake yi, amma ban taɓa tunanin yadda take sauka a kan wanda ake yi wa ba.

Ba ita kaɗai ba ce, ba kuma a ƙasarmu kaɗai ba. A Disambar 2016 mujallar likitoci ta Amurka, JAMA, ta buga wani nazari da ya tattara binciken da aka yi a ƙasashe 43 kan ɗaliban likita sama da 120,000. Kimanin kashi 27 cikin 100 suna da ciwon damuwa ko alamominsa. Kashi 11 sun taɓa tunanin kashe kansu. Daga cikin waɗanda aka ga alamun ciwon a tare da su, kusan kashi 16 ne kawai suka nemi magani. Wannan adadi na ƙarshe ya fi tsaya mini, zan kuma dawo kansa.

To, me manhajar ke koyarwa? Wanda ya taso a ƙauye ya riga ya san abin a jikinsa, suna ne dai ba a sa masa ba. Dubi yarinya ta ɗauko bokiti cike da ruwa daga famfon burtsatse. An yaɗa ganye a kan ruwan don kada ya yi ta tambal-tambal. Wuya a miƙe, ido a gaba, tafin ƙafa na karanta ƙasa, nan yashi, nan tsakuwa, nan kwatami. Tana iya gaisawa da mutane, tana iya dariya, amma wani sashe na hankalinta bai bar bokitin ba. Da zarar tunaninta ya tafi kan faɗan da aka yi mata jiya ko tallan da za ta fita anjima, ruwan zai faɗa mata, sanyi ya gangaro ta ƙeya. Ba ta tsayawa ta zagi kanta, gyara wuya take ta ci gaba. Horon natsuwar da manhajojin nan ke yi ke nan: hankali ya zauna a kan abin da ake ciki yanzu, in ya zame a lura a mayar da shi, sau goma, sau ɗari. Bambancin kawai, ɗalibar da ke kwance ƙarfe biyun dare tana sake zama jarrabawar da ta riga ta wuce ba ta da ruwan da zai zubo ya farkar da ita. Numfashi aka ba ta a madadinsa, domin kullum yana nan, kuma kullum na yanzu ne.

Jiki ma yana da nasa bayanin, kuma ita ta yi mini shi da kanta, har da zane a ƙasa da tsinke. In mutum ya tsorata, jiki na sakin sinadaran adirenalin da kotisol, zuciya ta ƙara gudu, tsoka ta ɗaure, barci ya ƙaurace. An yi wannan shiri ne don kura ko gobara, abin da ke zuwa ya wuce, amma jarrabawar da ke tafe nan da wata uku kura ce da ba ta isowa ba ta kuma tafiya. Akwai wata doguwar jijiya, bagus, da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi wuya ta kai zuciya da huhu da hanji, ita ce birkin jiki. Duk lokacin da mutum ya fitar da numfashi bugun zuciya na ɗan raguwa, in ya ja fitarwar ta yi tsawo birkin ya ƙara kamawa. Babu siddabaru a ciki.

Shigar wannan horo asibitin zamani ta faro a 1979, lokacin da Jon Kabat-Zinn ya buɗe wani sashe a makarantar likitanci ta Jami'ar Masachusets a Amurka, inda yake koya wa masu ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa zaman natsuwa na mako 8. Daga baya abin ya koma cikin waya. Andy Puddicombe da Rich Pierson suka kafa Headspace a Landan a 2010, Calm ta biyo baya a 2012. An kuma gwada. A 2018 aka buga sakamakon wani gwaji a Amurka kan ɗaliban likita 88, aka raba su gida biyu, kashi ɗaya suka yi amfani da Headspace na kwana 30, aka ga matsin da suke ji ya ragu idan aka kwatanta da sauran. A shekarar dai, Jami'ar Kambirij ta Ingila ta fitar da nata, kan ɗalibai 616 na fannoni daban-daban, waɗanda aka koya wa horon suka fi jure lokacin jarrabawa, sai dai su a aji aka koya musu, gaba da gaba da malami. Da ƙungiyar Cochrane, masu tace bincike, ta tattara gwaje-gwaje 10 kan ɗaliban likita da sababbin likitoci a 2021, ta ce hujjar ba ta yi ƙarfin da za a buga ƙirji da ita ba. Abin da na ɗauka daga wannan duka shi ne yana taimakon wasu, taimako na gaske amma mai iyaka. Na kuma ga ɗaya daga cikin wasun ta yi barci a tsakar gidanmu, don haka ba zan raina shi ba.

Sai dai gammo na zamewa. Wani nazari na 2019 ya bi diddigin manhajojin lafiyar ƙwaƙwalwa 93, ya gano cewa cikin mutum 100 da suka sauke irinsu a waya, kusan 3 ne ke buɗe su a rana ta 30. Sauke manhaja aikin minti biyu ne. Zama da ita kullum shi ne wuyar, musamman da yake wayar da ta ce ka rufe ido ita ce ke ɗauke da WhatsApp na aji, inda ake sanar da canjin ranar jarrabawa ƙarfe goma sha ɗayan dare. Ga kuɗi. A 2024, manyan biyun nan, Headspace da Calm, kowacce ta kai kimanin dala 70 a shekara a farashin Amurka, abin da a canjin lokacin ya haura naira 100,000, a shekarar da aka sa mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wata. Akwai na kyauta irin su Medito da Insight Timer, amma data da caji ba kyauta ba ne. Ga harshe. Headspace na magana da Turanci da Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci da harshen Fotugal, babu Hausa. Ɗalibar likita na jin Turanci, gaskiya ne, amma Turanci shi ne harshen jarrabawa, harshen da ake yi mata tsawa da shi a gaban majinyaci. Rarrashi kuwa da harshen uwa ya fi shiga. Har ƙarar ruwan saman da suke sakawa don kawo barci, ta ce mini ita ba ta yi mata: 'yar manomi in ta ji ruwa a kan kwano, tunaninta na kan awaki da shanyar da aka bari a waje. Wannan giɓi ne da matasanmu masu haɗa manhaja a Kano da Zariya za su iya cikewa tare da likitocin ƙwaƙwalwa, da murya irin tamu da misalai irin namu, kuma ina fata su yi.

Akwai tambayar da duk Musulmi zai yi, Iya ma ta yi ta a safiyar da na saurari wayar: wannan zaman na rufe ido, na su wane ne? Tambaya ce mai tushe, bai kamata a share ta ba. Kabat-Zinn bai ɓoye cewa daga malaman addinin Buda ya koyi abin ba, ya cire masa rigar addini ya kai shi asibiti. Puddicombe kuwa shekaru ya yi yana zaman zuhudu a gidajen ibadar Buda kafin ya koma Ingila. Ra'ayina, ƙirga numfashi ba aƙidar kowa ba ce, kamar yadda gammo ba na wata ƙabila ba ne. In an ci karo da darasin da ya shigo da kalmomin bauta ko wata aƙida, a tsallake shi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda muke da abin a gida muka bar shi ya yi ƙura. Duk wanda ya karanta Ahalari a zaure ya san natsuwa farilla ce a cikin salla, gaɓoɓi su tsaya cik a ruku'u da sujada. Masu ɗariƙa na da lazimin safe da yamma, malaman tasawwufi sun daɗe suna magana kan muraƙaba, tsaron zuciya kada ta yi yawo. Yarinyar ta ce da ni, "Kawu, da ina salla ne ina bitar bayokemistiri, sai na sallame ban san raka'a nawa na yi ba. Yanzu in hankalina ya tafi ina kama shi." In minti goman nan sun mayar mata da sallarta, ban ga abin ƙi ba. Abu biyu kawai nake tsoro. Kada a mayar da ibada ƙwayar maganin gajiya, domin ba don haka aka wajabta ta ba. Kada kuma a dubi yaron da ciwon damuwa ya kayar a ce masa raunin imani ne, ya ƙara addu'a. Mai hawan jini ma yana addu'a, yana kuma shan maganinsa.

Iya tana da doka ta biyu, kuma ita ce ta fi muhimmanci. Bayan ta naɗa gammon, sai ta jinjina kayan da hannunta. In ta ji sun fi ƙarfin yaron, ba ta ƙara wa gammon kauri, rage ruwan take, ko ta canza masa ƙaramin tulu. Gammo bai taɓa rage ko mudu ɗaya daga buhu ba. Yana hana kaya cin kai, amma nauyin na nan yana sauka a wuya da gadon baya da gwiwa. Masu jakuna sun san wannan: in miki ya fito a bayan jaki, akumari kawai ba ya warkar da shi, sai an rage mangala an bar dabba ta huta. Fataken da suka riƙa kai kaya Gwanja su sayo goro a kasuwar Salaga, tafiyar watanni, ba ƙwarin gammo ya kai su ya dawo da su ba. Madugu ne, wanda ya san nisan da za a ci a yini, ya san inda za a yi loko a jingina kaya a sha ruwa, ya san inda za a ya da zango. Madugun da ya kashe 'yan alaro da tafiya ba ya sake samun ayari.

Tsorona ke nan game da manhajojin nan, kada su zama hujjar madugu. Jami'o'i da asibitoci da yawa a Turai da Amurka na saya wa ɗalibai da ma'aikata rajistar irinsu, abu mai kyau, amma yana da arha ƙwarai idan aka kwatanta da gyara jadawali ko ƙaro malamai, kuma yana juya maganar ta koma kan ɗalibi: in ka karye, kai ne ba ka yi zaman natsuwarka ba. Akwai makarantar da ta bi hanyar Iya. Daga 2009, makarantar likitanci ta Jami'ar Saint Louis a Amurka, ƙarƙashin jagorancin Dakta Stuart Slavin, ta daina jera ɗaliban shekarun farko da maki, ta koma ci ko faɗuwa kawai, ta rage sa'o'in darasi da kimanin kashi 10 cikin 100, ta ba su lokacin yin abin da suke so, ta kuma haɗa da ɗan gajeren horon natsuwa. Rahoton da suka buga a 2014 ya nuna damuwa da fargaba sun ragu sosai a kan na ajujuwan baya, sakamakon jarrabawar ƙasa kuma bai faɗi ba. A Janairun 2022 ita kanta jarrabawar farko ta lasisin likita a Amurka ta koma ci ko faɗuwa. Ba na cewa a kwaso tsarinsu a dasa a nan, kuma ba wanda ke son likitan da bai san aikinsa ba, rai za a damƙa masa. Amma akwai nauyin da ba ya ƙara wa kowa ilimi. Jadawalin jarrabawa da ba ya fitowa sai saura kwanaki. Ɗakin kwana babu wuta babu ruwa, a yi karatu da fitilar waya. Tozarta ɗalibi a gaban majinyaci lokacin zagayen duba marasa lafiya, don wai haka aka yi wa na gaba. Su ma malaman a ƙarƙashin kaya suke. Ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya faɗa a 2024 cewa likitoci 15,000 zuwa 16,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara 5. Wanda ya rage yana duba layin majinyata, yana koyarwa, yana kwana aiki, ba abin mamaki ba ne in haƙurinsa ya ƙare a kan na ƙasa da shi.

Saura abu ɗaya da gammo ba ya yi. Ba ya sauke kaya. Duk wanda ya taso a gidan da ake ɗebo ruwa ya san muryar nan daga bakin ƙofa: a sauke ni! Kuma duk wanda ke kusa tashi yake, ko suna faɗa, ko kishiya ce, ya kama gindin tulun, mai kaya ta ɗan rusuna, a sauke tare. Ba a tambayar me ya sa ba ta iya ita kaɗai ba, kowa ya san mai sauke cikakken tulu shi kaɗai ko ya fasa tulun ko ya murɗe wuya. Ba kunya ba ce a ce a sauke ni. To ga kashi 16 ɗin nan na JAMA: cikin ɗalibai shida da kaya suka danne, kusan biyar ba su kira mai magani ba. Dalilin a fili yake. Wanda zai duba ka malaminka ne, gobe shi zai ba ka maki. A gida kuma, wa zai ce wa mutanen da suka sayar da bijimi ya gaji? Ga tsoron a ji an ce Likita ta ga likitan ƙwaƙwalwa, maganar ta bi gari har ta taɓa aurenta. Manhaja ta dace da wannan tsoron, domin ba ta faɗa wa kowa. A nan alherinta yake, a nan kuma haɗarinta, mutum ya yi ta gyara gammo a ɓoye har ƙafa ta gaza.

Mu a ƙasar nan bai kamata a koya mana wannan daga waje ba. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda masu ciwon ƙwaƙwalwa ke zama a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowanne tare da ɗan'uwansa, ana yi musu magani ba a raba su da mutane ba. Duniya ta zo ta koya a wurinsa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta amince cewa mai wannan ciwo majinyaci ne mai haƙƙi. Likitocin fannin sun yi kaɗan, ƙungiyarsu ta sha faɗin ba su kai 300 ba a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, amma akwai su: a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya, a Dawanau, a Barnawa ta Kaduna, a Kware ta Sakkwato. In yaro ya yi mako biyu barci ya ƙi, abinci ya ƙi, abin da yake so da ya daina burge shi, ya janye daga mutane, balle a ji yana cewa gara mutuwa, an wuce maganar waya. A kama hannunsa a tafi, kamar yadda za a yi in zazzaɓi ne ya ƙi sauka.

Tamu ba ta kai nan ba, alhamdu lillahi. Amma kafin hutun ya ƙare mun zauna da uwarta da ubanta, muka yi magana a kan abin da ke hannunmu. Aka gaya wa matan unguwa da ladabi cewa mai katin asibiti ya kai shi asibiti. Uwarta ta ɗauki alkawarin kiranta duk Juma'a bayan la'asar, su yi hirar awaki da bikin da ke tafe, ba za a ambaci karatu ba sai in ita ta kawo. Ubanta, wanda ba mai yawan magana ba ne, ya ce mata in ma shekara ta maimaita, gona na nan, wani bijimin zai samu. Ta sunkuyar da kai ta daɗe ba ta ɗago ba. Manhajar kuwa tana nan a wayarta, na ce kada ta goge.

Ranar komawa aka cika mata jaka da garin kunu da ƙuli-ƙuli da yaji da wake, ga littattafan nan masu kaurin tubali a ƙasa. Ƙanenta ya cukuikuye wani tsohon ɗankwali ya ɗora a ka, aka aza masa, ya nufi zaure yana tangaɗi. Iya ta kira shi ya dawo. Aka sauke, ta warware ɗankwalin ta sake naɗawa, ta buga a tafin hannu sau biyu. Sannan ta jinjina jakar, ta girgiza kai, ta sa aka fitar da littattafan aka zuba a buhu daban, ta aika a kira ɗan maƙwabta. Su biyu suka raka ta bakin titi, inda motar Kano ke tsayawa.